Cinikin Ƙasimu

Gurbi ɗaya ya rage wa ƙungiyar na ɗan wasan waje, kuma kowa a gidanmu ya san da haka, har Kawu Ilu da bai taɓa zama ya kalli ƙwallo daga farko zuwa ƙarshe ba. In aka rufe rajista ƙanena Ƙasimu bai shiga gurbin nan ba, sai dai ya koma Kano, ya koma filin makarantar unguwarmu inda ake raba 'yan wasa da masu riga da marasa riga.

Farkon shekarar 1998 ne. Ƙaramar salla da sabuwar shekarar mutanen Sin sun zo kusan tare, don haka muna ninke kayan salla, garin Guangzhou na cike da jajayen takardu a ƙofofi da 'yan bishiyoyin lemo a tukwane. Sanyin garin mai laima ne, bango yake shiga ya zauna. A nan na gama karatu, na tsaya ina yi wa Kawu tafinta duk lokacin da ya zo sarin yadi da zif da maɓallai don shagonsa na Kantin Kwari. Wan mahaifiyarmu ne, kuma tun rasuwar Baba shi ke yanke magana a kanmu. Ya kama ɗakuna a can saman wani dogon bene a unguwar Dengfeng, gidan da sai ka huta a hanya kafin ka kai ƙofarka.

Wanda ya kawo Ƙasimu ƙasar shi ne Tankari, wani mutumin Maraɗi da ya taɓa tsaron gida a ƙungiyoyin da ba wanda ya san sunansu a cikinmu. Ya ga Ƙasimu a wata gasa a Kano, ya bi shi har gida, ya durƙusa gaban Inna ya ce a ba shi aron yaron nan. Shi wakili yake kiran kansa. Sauran mutane dillalin 'yan ƙwallo suke ce masa, in ya juya baya kuma su cire ƙwallon su ce dillalin mutane. Yatsunsa biyu na hannun hagu a karkace suke. Yana da feja a ƙugu, 'yar na'urar nan da ke kuka in ana nemanka a tarho, kuma ba ya gama zance bai duba ta ba.

Ƙungiyar ta rukuni na biyu ce, ta wani mai masana'antar fankoki da kowa ke kira Laoban Liang, wato maigida Liang. Ƙasimu ya daɗe yana atisaye da su. Kullum ya dawo sai ya wanke takalmansa ya jera su kusa da tukunyar shinkafa don su sami ɗumi, kullum kuma Kawu sai ya tambayi Tankari, "An yi maganar?"

"Ana shan shayi tukuna, Elhaji."

"Shayin nan ba ya ƙarewa ne?"

"Ranar da ya ƙare za ka sani."

Kawu ba mai son shayi mai tsawo ba ne. Shi mutumin kasuwa ne, kuma yana da hanyarsa. Na sha ganinta a kasuwannin Liwan: zai taya kaya, a ƙi, sai ya gyara hularsa ya juya ya kama tafiya a hankali, hannuwansa a baya. Kafin mu wuce shagon maƙwabta za ka ji mai shago ta biyo mu da na'urar lissafi a hannu tana kiran laoban, laoban. A makon nan ma haka ya yi wa wata mai zif, sai dai ita ba ta biyo mu ba. "Bar ta," ya ce da ni. "Na bar mata lambar tarho. Kwana ne bai cika ba."

Ranar Juma'a bayan an sauko, Alhaji Kallamu ya biyo Kawu gida. Ɗan Maiduguri ne mai sarin agogo, kuma a lokacin da 'yan ƙasarmu ba su da yawa a garin, shi ne jaridarmu. Ina kicin ina dafa musu shayi, ƙofar a buɗe.

"Dillalin shanu ma na san inda zan same shi ran kasuwa," in ji Alhaji Kallamu. "Wannan fa? Yau Hong Kong, gobe ka ji an ce Malesiya. Akwai yaron da ya kai can, ɗan Damagaram, har yau kwanuka yake wankewa a gidan abinci."

"Ka gani, ko an ce?"

"Ni me zai kai ni Malesiya? Wanda ya gani ne ya gaya wa wanda ya gaya mini. Kuma daga duka ɓangarorin biyu yake karɓar la'ada, daga yaro da daga mai ƙungiya. Kai da kanka ka sani, Ilu, wanda ya ci na mai saye ba naka ba ne."

Dare bai yi ba sai da Kawu ya karɓi fasfon Ƙasimu daga jakarsa ya sa a aljihun 'yar cikinsa, ya kuma ce gobe da shi za a je filin.

Filin yana bayan masana'antar, ciyawarsa ta yi ruwan ƙasa. Kawu ya tsaya a bakin layi da babbar riga da suwaita a ciki, yana tambayata wane ne namu duk da Ƙasimu kaɗai ne baƙi a wajen. Ƙasimu ya ci ƙwallo a ranar, ya kuma bayar an ci. Kawu ya gyaɗa kai kamar wanda aka buɗe masa bandir ya ga ba tabo.

Bayan an tashi, Laoban Liang ya kira mu ofishinsa. Ɗan gajeren mutum ne mai taushin murya, da kansa yake zuba shayi a 'yan kofuna kamar marfin kwalba. Duk lokacin da ya zuba wa Tankari, sai Tankari ya ƙwanƙwasa tebur da yatsunsa karkatattu, yadda mutanen garin ke godiya. Sinancinsa a karye yake amma yana kai shi inda za shi. Suka yi zancen sanyi, suka yi zancen ciwon bayan mahaifiyar Laoban, suka yi zancen fankoki. Kawu na taɓa ni da gwiwar hannu, ni kuma ina juya masa maganar da Hausa a hankali.

Can Laoban ya ce yaron yana da gudu.

"Yaro ne tukuna," in ji Tankari. "Ƙafarsa ta hagu ba ta nuna ba. Sai ya sami babban gida irin naka zai koyi ƙwallo."

Laoban ya yi dariya yana kaɗa hannu, yana cewa a'a, a'a, yaron ya iya. Fuskarsa ta saki. Ya ce jibi yana son ya ciyar da iyalin Ƙasimu.

"Me ya ce?" Kawu ya tambaye ni. "Shi Tankarin."

Na gaya masa. Na ga kunnensa ya motsa a ƙarƙashin hula.

Bai bari mun kai bakin titi ba. A gaban ƙofar masana'antar ya tsaya.

"Malam Tankari, shekarata nawa a kasuwa, ban taɓa ganin dillalin da ke kushe kayan da aka ba shi ba, sai in mai saye ya riga ya sa masa hannu a aljihu."

"Elhaji, nan ba haka ake yi ba. In na yabe shi, shi sai ya nemo aibu. In na rage shi, shi zai yaba da bakinsa, kuma abin da ya yaba da bakinsa ba ya iya ƙi. Ba ka ga ya gayyace ku ba?"

"Na ga ka ce ƙafar ɗana ba ta nuna ba. Mangwaro ne?"

"Ai gaskiya ce. Tambaye shi."

Ƙasimu ya sunkuyar da kai yana kallon jakar takalmansa.

"To daga yau ka huta," in ji Kawu. "Mun gode da hanya da ka nuna. Abin da ya rage ciniki ne, kuma ba a koya mini ciniki."

Fejar Tankari ta yi kuka. Bai duba ba, kuma wannan ne karo na farko da na ga haka. Ya dubi Ƙasimu, ya dube ni, sannan ya ce, "To, shi kenan, ku tahi. Abu guda dai. Duk abin da ya hwaɗa a kan teburin nan, ku ce kun gode. Ba wurin ciniki ba ne. Ciniki daga baya ake yi, a ohis, da akawunsa, ba kowa wurin. In akwai ƙari, can ake ƙarawa. Malama, ke kin san mutanen nan, ki gaya mishi."

"Ta gaya mini me?" in ji Kawu. "Ita tafinta ce. Ku wuce mu tafi."

A tasi na ce, "Kawu, abin da ya faɗa game da teburin, haka suke."

"Hasiya, mai zif da mai fanka duk ɗaya ne. Mai saye mai saye ne."

Laoban Liang ya kama ɗaki a saman wani gidan abincin Musulmin ƙasar, saboda mu. Da magariba muka isa. Teburin zagayayye ne, a tsakiyarsa akwai faifan gilashi da ake juyawa don kowa ya kai hannu ga abinci. Kocin ƙungiyar yana nan, da manajojin masana'anta cikin kwat, da wani mai kyamara a rataye. Ba kwalbar giya ko ɗaya a teburin. Na lura manajojin suna ɗaga kofin lemo suna kallon juna kamar waɗanda aka hana wani abu, amma ba wanda ya yi ƙorafi. Laoban da kansa ya ɗebo naman rago ya zuba wa Kawu, ya ce yana girmama mutumin da ya bar kasuwancinsa ya raka ɗan 'yar'uwarsa.

Kawu ya ji daɗin wannan. Ya ci sosai, da cokali. Ƙasimu kuwa sai juya 'yan sandunan cin abinci yake.

Da aka kawo kifi, Laoban ya miƙe, kowa ya ajiye abin hannunsa. Aka miƙo masa wani jan kwali, ya buɗe, sai ga rigar ƙungiya a ninke da lamba a bayanta. Ya ɗora kwalin a kan faifan ya juya shi a hankali har ya tsaya gaban Ƙasimu. Sannan ya faɗi albashi, ya faɗi ɗakin da za a ba shi, ya ce daga yau yaron nan ɗan gidansa ne. Aka yi tafi. Mai kyamara ya matso. Ina juya maganar ina kallon Ƙasimu, ya cije leɓe don kada a ga haƙoransa.

Kawu ya goge hannunsa da tawul, yatsa bayan yatsa.

"Albarka," ya ce, da muryar da yake yi wa wanda ya taya shadda a wulaƙance. "Gaya masa a Kano ma an taya fiye da haka."

Ba wanda ya taɓa taya Ƙasimu a Kano. Na juya ga Laoban na ce kawuna ya gode ƙwarai da wannan karamci, abin ya zo masa da girma, yana so ya sanar da mahaifiyar yaron. Laoban ya gyaɗa kai yana murmushi.

Sai Kawu ya miƙa hannu ya tura faifan. Jan kwalin ya bar gaban Ƙasimu, ya wuce gabana, ya wuce koci, ya wuce kifin, ya je ya tsaya daidai gaban Laoban Liang. Wannan ba ya bukatar tafinta. Kawu ya miƙe ya gyara hularsa.

"Ku tashi."

Mai kyamara ya sauke kyamararsa. Murmushin Laoban bai gushe ba, yana nan a fuskarsa kamar an manta da shi a wurin. Ɗaya daga cikin manajojin ya zuba ido a kan kofinsa. Ƙasimu ya daɗe bai tashi ba, har sai da Kawu ya kira sunansa.

"Kada wanda ya waiwaya," in ji Kawu da muka fito. Ya sa hannuwansa a baya.

Ban taɓa sauka daga bene a hankali irin na ranar ba. Kawu yana ɗora ƙafa a kan kowace matakala kamar yana gwada ƙarfinta, kansa a ɗan karkace, kunnensa na baya. A ƙasa akwai akwatunan gilashi da ake ajiye kifaye masu rai. Ya tsaya a gabansu.

"Wannan mai gemun, me suke ce masa?"

Na gaya masa.

"Wancan fa?"

Na gaya masa. Ya tambayi na uku, ya tambayi abin da suke ci. Daga sama ba abin da muke ji sai ƙarar kwanuka. Wata ma'aikaciya ta buɗe mana ƙofa tana riƙe da ita, iska mai sanyi na shigowa, har Kawu ya ga ba dama ya fita. A bakin titi tasi ta tsaya, ya ce wannan ta tsufa. Wata ta zo, ya ce direban bai yi masa ba. Ƙasimu na tsaye nesa da mu yana kallon tagar sama.

"Masu taurin kai ne," in ji Kawu da muka shiga ta ukun. "Ya fi kyau. Gobe da safe za ku ji tarho."

Washegari Ƙasimu ya ɗauki jakarsa zai tafi atisaye, Kawu ya ce ba inda za shi. "In ka je, sun san mun matsu." Shi ma bai fita kasuwa ba. Ya jawo kujera kusa da tarho ya zauna da carbi. Lokaci lokaci sai ya ɗaga kan tarhon ya sa a kunne don ya tabbata yana aiki, ya mayar da sauri kada a kira a ji a rufe. Na wanke kofunan da na riga na wanke. Na share ɗaki, na sake sharewa. Ƙasimu ya sa takalmin gudu ya fita matakalar gidan, ya sauka har ƙasa da gudu, ya hau, ya sauka. Muna jin dirin ƙafarsa yana nisa yana dawowa. Wata tsohuwa da ke ƙasa da mu ta leƙo ta yi faɗa, ta gaji ta rufe ƙofarta.

Haka aka wuni, haka aka kwana, haka aka sake wuni. Tarho ya yi ƙara sau ɗaya, Kawu ya kusa faɗuwa da kujera. Alhaji Kallamu ne yana tambayar yadda aka ƙare.

"Muna kan magana," in ji Kawu. "Sauka daga layin."

Da na kai wa Ƙasimu ruwa a matakala, ya karɓa ya ce, "Yaya, rigar nan lamba tara ce, kin gani?"

"Na gani."

"Ban ko taɓa ta ba. Ina jira ya gama magana in ɗauka da hannu biyu, yadda kika koya mini."

Ya miƙo mini kofin ya ci gaba da gudu.

Da hantsin rana ta gaba na ce wa Kawu zan je duba maɓallai. A wani ɗan kanti mai tarhon haya na buga wa fejar Tankari, na tsaya ina jira mai kantin na kallona. Bai daɗe ba ya kira. Ya ce in same shi a shagon taliyar da ke bayan layinmu.

Ba shi kaɗai ba ne. A gefensa akwai wani dogon saurayi yana shan romo, sanye da rigar sanyin ƙungiyar, da hoton fanka a ƙirji. Sabuwa ce, layin ninkinta bai baje ba. Na tsaya a bakin tebur ban zauna ba.

"Malama, zauna. Kin ci? Wannan Sulley ne, ɗan zangon Kumasi."

"Sannu, Anti," in ji Sulley, ya ɗan matsa don in sami wuri.

"Yaushe ya zo?" na tambayi Tankari.

"Tun kahin azumi yana kwana a ɗakina."

"Tun kafin Ƙasimu ya fara gwaji ke nan."

"I."

"Ƙasimu ya sani?"

"Bai tambaya ba."

Na zauna. Mai shagon yana jan kwaɓin taliya yana buga shi a kan tebur, ƙarar na shiga tsakanin maganarmu.

"Direban Laoban ya neme ni tun ba ku kai gida ba," in ji Tankari. "Ya ce maigida na tambaya ko akwai wani. Ki duba, Malama. Mutumin nan ya tara manajojinshi, ya kira mai hoto, ya hana mutanenshi giya saboda ku. Aka turo mishi rigarshi gaban yaranshi. Ko Ƙasimu zai ci ƙwallo kowace sahiya, ba ya iya kiranku. In ya kira, gobe wa zai ji maganarshi a masana'anta? Aikina ke nan da kawunki ya ce in huta. Ba yabon kaya ba ne. In tsaya tsakani ne, kada kowa ya ji kunya gaban mutanenshi. In za a ce a'a, ni za a gaya ma, ni in haɗiye, in kawo ta da daɗi."

"Ka roƙe shi?"

"A'a."

"Ko sau ɗaya?"

"Da na roƙa, da ni ma an ruhe mini ƙohwar. Kuma ina da yaro zaune a ɗaki. Shi ma uwarshi na durƙusa gabanta." Ya juya kofinsa da yatsun nan karkatattu. "Ƙasimu ya hi shi, shi ma ya sani."

"A gudu dai," in ji Sulley, bai ɗago daga kwanonsa ba. Sannan ya ɗago ya ce, "Ki ce masa ya yi haƙuri, Anti. Ni ban san shi ba, amma ki gaya masa."

Na tambayi Tankari labarin yaron Malesiya. Bai yi fushi ba.

"Gwiwarshi ta karye. Na ce ya zo in maida shi gida, ya ce da wace huska. Yana can. Abin da suke hwaɗi rabinshi gaskiya ne, ba su san wane rabin ba ne kawai." Fejarsa ta yi kuka, ya duba. "Akwai wata ƙungiya can arewa, inda ruwa ke daskarewa a hamfo. Ƙarama ce, ba su ruhe ba tukuna. Da la'asar zan shiga jirgin ƙasa. Ba alkawari, gwaji ne. In zai zo ya zo da fasfo, kuma ni kaɗai zan yi magana."

"Can ma kana da wani a ajiye?"

"Kullum ina da wani, Malama."

A tsakiyar matakala na haɗu da Ƙasimu yana saukowa. Na riƙe hannun rigarsa, jiƙe take sharaf. Na gaya masa duka, ban tausasa komai ba. Ya zauna a kan matakala yana haki. Ya tambaye ni ko Sulley ɗan gaba ne, na ce ban sani ba. Ya tambayi ko rigar tara aka ba shi, na ce ban ga wannan ba. Ya daɗe yana kallon igiyar takalminsa. Sannan ya miƙe ya hau, ba da gudu ba.

Kawu yana inda na bar shi. Na durƙusa na gaya masa an ba wani gurbin, kuma Tankari ne ya kai shi.

"Ba na faɗa ba?" Muryarsa ta tashi. "Ba na faɗa muku ba? Ashe yana da wani a ɓoye. Kallamu ya yi gaskiya, tun farko shirinsu ne." Ya dube ni, ya dubi Ƙasimu, yana jiran ɗayanmu ya ce haka ne. Ya ɗaga kan tarhon ya mayar.

Ƙasimu ya durƙusa a gabansa. Tunda nake ban taɓa jin ya fara yi wa Kawu magana ba sai an tambaye shi.

"Kawu, a ba ni fasfona."

"Ka kai shi ina?"

"Zan bi Tankari arewa. Akwai gwaji."

"Mutumin da ya sayar da wurinka?"

"Wurin yana gabana, Kawu. A kan tebur."

Kawu ya sa hannu cikin riga, ya daɗe yana lalube kamar aljihun ya yi zurfi, ya fito da fasfon. Bai miƙa masa ba, a kan tebur ya ajiye kusa da tarho.

"In ka fita ka bi mutumin nan, ba hannuna."

Ƙasimu ya ɗauka da hannu biyu. Ya shiga ɗaki ya haɗa kayansa, ya ɗauko takalman daga gefen tukunyar shinkafa. Na cusa masa suwaitar da nake da ita mafi kauri da ragowar kilishin da Kawu ya zo da shi. A bakin ƙofa ya sake durƙusawa.

"A yi mini addu'a, Kawu."

Kawu ya juya fuska ga bango. Ƙasimu ya ce, "Yaya, sai na bugo," ya ja ƙofar.

Kawu ya ɗan karkata kai, kunnensa na wajen ƙofa, yadda ya yi a gidan abincin.

"Zai tsaya a ƙasa," ya ce da ni a hankali. "Bari ya ɗan ji jiki tukuna."

Ya ja carbi kaɗan. Sai ya miƙe ba takalmi, ya buɗe ƙofa ya leƙa ramin matakalar.

"Ƙasimu. Zo mana."

Ba a amsa ba. Yaron da ya yi kwanaki yana gudu a matakalar nan ya san kowace kusurwarta. Daga can ƙasa muka ji ƙofar ƙarfe ta gidan ta rufu.

Kawu yana tsaye a bakin ƙofa sai tarho ya yi ƙara. Ya riga ni isa, ya ɗauka, ya saurara, sannan ya miƙo mini. Mai zif ce ta Liwan. Ta ce ta yi tunani, in laoban yana son kayan a yadda ya taya, ya aiko a ɗauka.